Tambayoyin 'Yar Farina

Gidanmu na Tanut yana kan hanyar da ake bi da bisashe zuwa kasuwa, shi ya sa ba mu rabuwa da baƙi. Maigidana baduku ne. A zaure yake aiki, yana ɗinka takalma da kube da gugar jan ruwa, kuma duk makiyayin da ya shigo gari da tsinkakken takalmi ko guga mai yoyo, wurinsa yake yada zango. Wani ɗan gyara ne ya kawo shi, amma sai ya yi azahar yana hira. Ban da su akwai dangin uwar mijina daga Gangara, waɗanda gidanmu ne masaukinsu in sun zo ganin likita ko neman wata takarda. Ni nawa aikin daga ciki yake. In dama fura, in cika buta, in aika a kai zaure.

Wadda nake aika ita ce 'yata ta fari. Ba na faɗin sunanta, don 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kunya ta zama biyu. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Uwar mijina kuwa, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, muna ce mata Iya, takwara take kiranta.

Tun tana shekara biyar bakin yarinyar nan bai san hutu ba. Ba surutun banza take yi ba, tambaya ce. Me ya sa leɓen raƙumi ya tsage? Ruwan famfo daga ina yake zuwa, tunda babu gulbi a garinmu? Kaza tana jin ciwo in ta yi ƙwai? Wata in amsa, wata in ce ta je ta tambayi kakarta. A cikin gida abin dariya ne. Ban taɓa tunanin ranar da za ta fita da shi zaure ba.

Wata ranar kasuwa wani Bafillace dattijo ya kawo takalmi gyara. Na dama fura na ba ta ta kai. Katanga ɗaya ce tsakanin zaure da madafina, saboda haka ina jin komai. Na ji ta ajiye ƙwarya, amma ban ji takun dawowarta ba.

"Baba, shanunka nawa?"

Na ji maigida ya daina buga fata.

Mutumin ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Nawa ke nan?"

"Suna nan yadda Allah ya bar su, 'yata."

Daga baya maigida ya gaya mini cewa a nan ta ware yatsunta goma a gaban fuskar bawan Allahn nan, ta ce, "Sun kai haka?" Mutumin ya karɓi takalminsa ba a gama ɗinki ba, ya ce zai leƙa kasuwa ya dawo. Bai dawo ba, furar ma ko ludayi ɗaya bai sha ba. Maigida ya shigo da ƙwaryar a hannu, fuska a murtuke, ya ce, "Ki ja wa yarinyar nan kunne."

Na janyo ta bayan ɗaki na ce, "Ba a tambayar mutum yawan dabbobinsa."

"Don me?"

"Don ba a yi."

"Wa ya hana?"

Ni da na girma a Damargu, tsakanin manoma da makiyaya, na san ba a yi kamar yadda na san ba a miƙa abu da hagu, amma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar dalili ba. Na kore ta da tsawa. Tambayar kuwa ta zauna mini, ina tuƙa tuwo ina juya ta.

Da la'asar ina tsince wa Iya wake na kawo zancen a kaikaice. Ta ce, "Baki ne. Abin da aka ƙirga, baki ya kama shi. Ke kin taɓa jin na faɗi yawan 'ya'yan da na haifa?" Maigida da na tambaye shi, ya ce babansa ya gaya masa tun zamanin jangali ne, harajin dabbobi, lokacin da duk mai tambayar yawan shanu karɓa ya zo yi. Maƙwabciyarmu malamar lakwal, wato makarantar boko, ta ba ni ta uku. Ta ce mai da yawa yana tsoron ido, mai kaɗan yana jin kunya, tambayar ba ta da wanda za ta yi wa daɗi. Abu ɗaya, amsa uku, kuma kowa ya faɗi tasa babu shakka ko kaɗan. Na yi mamakin yadda muka yi shekaru muna bin doka ɗaya, kowa da dalilinsa a ciki.

Ta malamar na kai wa yarinyar, don ita ce na ga za ta gane. Tana wasa da bakin zanenta ta ce, "To in na tambaye shi sunan saniyarsa fa?"

Wannan ma ban sani ba. Iya da ke kan tabarma ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wannan kam, takwara, sai kin gaji da ji. Zai gaya miki sunanta da na uwarta da na kakarta, har rana ta faɗi bai gama ba."

Daga ranar Iya ta ɗauki abin a hannunta. In an yi la'asar, zafi ya sauka, sai ta yafa mayafi ta fita waje, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta sake murya.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Yarinyar ita ce mai gida. Ta amsa, ta shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar dogon yaro, ta kawo ruwa da hannu biyu, ta durƙusa, ta jira baƙuwa ta sha, sannan ta gaishe ta. Kullum da irin baƙuwar da Iya take zama. Yau tsohuwa ce mai nauyin kunne daga ƙauye, sai an maimaita mata gaisuwa ba tare da an yi mata ihu ba. Gobe mai tallan daddawa ce da ba za a sayi kayanta ba, amma dole a sallame ta da daɗin baki. Wata rana ta shigo tana ɗingishi, ta rufe ido ɗaya. Yarinyar ta kawo ruwa, ta yi gaisuwa lafiya lau, tana ta cije leɓe, can ta kasa.

"Me ya sami idonki?"

Iya ta buɗe idon ta ce, "An ci ki, takwara. Abin da ke jikin baƙo, ido ne, ƙafa ce, tabo ne, shi ke da labarinsa. In ya so ya ba ki, in bai so ba ki bar shi ya tafi da abinsa. A sake."

Aka sake. Ni ina bakin turmi da goyo a baya, daka nake yi amma kunnena yana wurinsu. Wata rana Iya ta shigo tana nishi, tana cewa da ƙafa ta zo daga Gangara, ta kusa mutuwa a hanya. Yarinyar ta ce, "Ina gajiya?" Iya ta ce, "Ba gajiya." Sai yarinyar ta miƙe tsaye.

"Kaka, yanzu fa kika ce kin kusa mutuwa! Me ya sa kika ce ba gajiya? Ƙarya ke nan?"

Na tsayar da taɓarya, don ni ma ina son in ji.

Iya ta ce, "Ba ƙarya ba ce, gaisuwa ce. In na ce miki na gaji tun ban zauna ba, na ɗora miki kaya. Ki bari in sha ruwa in huce, gajiyar za ta fito da kanta a cikin hira."

Suka yi yarjejeniya. Duk tambayar da ta taso mata a gaban baƙo, ta riƙe ta har ya tafi, sannan ta kawo cikin gida. Haka aka yi ta yi. Baƙo yana fita sai in ji gudunta, ta zo ta tsaya a kaina ta zazzage. Me ya sa matar nan ta yi ta cewa ta ƙoshi, kuma ta cinye? Me ya sa mutumin nan bai kalli Iya ba yana gaishe ta? Rabinsu ban san amsarsu ba. Na fara kallon baƙin da na saba da su tun ina amarya kamar yau na fara ganinsu.

Tana shekara bakwai aka yi suna a unguwarmu, muka je tare. Ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana durƙusawa tana gaisuwa, ana ta cewa, "Kai, 'yar gidan baduku ta iya gaisuwa." Ina jin daɗi ina noƙewa. Har ta iso kan wata mata mai yin kitso a bayan masallacinmu, wadda ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba.

"Ina kwana? Ina gida? Ina yara?"

Matar ta ce, "Lafiya lau," kamar yadda kowa yake cewa.

Yarinyar ta ɗaga kai ta dube ta. "Amma ai ke ba ki da yara. Me ya sa ba ki haihu ba?"

Mai raba goro ta tsaya da faranti a hannu. Ban san lokacin da na tashi ba. Na mare ta a gaban kowa, marin da ban taɓa yi mata irinsa ba. Matar ta yi murmushi, ta ce ta bar tukunya a wuta, ta ɗauki takalminta ta fita.

Yarinyar ba ta yi kuka sosai ba. Abin da ta yi shi ne shiru. Baƙo ya zo, ta kai ruwa, ta yi gaisuwa ba kuskure, ta dawo ta zauna. Ba gudu zuwa bakin turmi, ba "me ya sa". Iya ta yi sallama da la'asar, ta amsa ta yi duk abin da ake yi, ba dariya, ba gardama. Babanta ya ce, "Yarinyar nan ta natsu." Dangin Gangara ma suka yaba. Ni kuwa gidan ya yi mini faɗi. Har na riƙa jawo ta da kaina, in ce, "Kin ga irin zoben matar nan kuwa?" Sai ta ce, "Na gani," shi ke nan.

Mun fi mako biyu a haka. Wata safiya Iya tana kaɗa auduga, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Kin je gidan mai kitson nan?"

Na ce ban je ba. Gaskiya ma hanyar bayan masallaci na daina bi, sai in zagaya.

Ta ce, "Mun koya wa takwara abin da ba a yi. Ba mu koya mata abin da ake yi in an riga an yi ba. Ke ma ga alama ba a koya miki ba."

Rannan na yi dambu da zogale, na zuba mai da yaji, na rufe a kwano na ɗora wa yarinyar a ka. A hanya na gaya mata abin da za ta ce. Ta durƙusa, ta ce ta yi kuskure, a yi haƙuri a yafe mata. Kada ta kawo dalili, kada ta ce ba ta sani ba. Ta gyaɗa kai kawai.

Muka tarar da matar ita kaɗai tana wanke-wanke. Ta yi mana maraba kamar babu abin da ya faru, ta ba mu tabarma. Bayan gaisuwa yarinyar ta matsa ta durƙusa, ta fara, "Na yi kuskure," sai muryar ta karye, kukan da ba ta yi ba ranar suna ya zo gaba ɗaya. Matar ta goge hannu a zane, ta janyo ta jikinta, ta bar ta ta yi mai isarta. Can ta shafa kan yarinyar ta ce, "Wa ya yi miki wannan kitson?"

"Inna."

"Allah ya ba innarki lada. Zauna a nan."

Ta ɗauko mashaci ta fara tsefe kitson da na ɓata rabin yini a kansa. Tana tsaga tana magana, a hankali, kamar da kan yarinyar take yi.

"Kin tambaye ni me ya sa ban haihu ba. Ban sani ba. Na je likita har Damagaram, na sha sassaƙe iri-iri, an yi mini addu'a. Allah bai kawo ba. Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Kin ga akwai tambayar da mai ita ma bai da amsarta, kuma kullum yana ɗauke da ita. Irin wannan in kika yi ta a cikin mutane, kamar kin yaye wa mutum zane ne. Da ni da ke ne kawai, kamar yanzu, da na gaya miki tun ranar."

Yarinyar ta ce, a ƙasa-ƙasa, "Kina jin ciwo in an ce ina yara?"

Matar ta tsaya da mashaci a hannu, ta yi ɗan tunani.

"Wata rana ina ji. Amma da a tsallake ni, a gaida kowa da yara a zo kaina a yi shiru, gara a ce. Yaran unguwar nan duk ta hannuna kawunansu suke bi. In na ce lafiya lau, su nake nufi."

Sannan ta dube ni ta ce, "Ke kuma hannunki da nauyi." Na sunkuyar da kai. A hanyar komawa ni na ɗauki kwanon. Ban iya ce wa 'yar fari ta yi haƙuri ba, bakina bai saba ba. Na dai kama hannunta, abin da ba na yi a waje, muka bi ta bayan masallaci har gida.

Tambayoyin ba su dawo rana ɗaya ba. Da kaka, an gama yankan hatsi, wani tsohon Buzu abokin marigayi baban maigida ya zo daga arewacin Belbeji a kan raƙumi, don ya sayi hatsi a kuma gyara masa majayin sirdi. Ya kawo mana cuku. Dogo ne siriri, rawaninsa ya rufe komai sai ido. Shayinsa da kansa yake dafawa a zaure, in zai sha sai ya cusa ɗan kofin ta ƙarƙashin amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki. Tun ina yarinya nake ganin haka, kuma tun ina yarinya nake son in san dalili.

Yarinyar ta kai ruwa ta dawo, ta kai fura ta dawo. Na ga tana kai da kawowa a tsakar gida. Sai da sauran masu gyara suka watse, zaure ya rage babanta da tsohon, sannan ta koma. Na bar tukunya na matsa jikin katanga, inda akwai 'yar tsaga kusa da ƙofa.

Ta durƙusa ta ce, "Baba tsoho, ina da tambaya. In ba a yin ta, ka ce mini ba a yi."

Babanta ya ɗaga kai zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannu. "Yi, jikar aminina."

"Me ya sa ba ka buɗe bakinka, ko kana shan shayi?"

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Ke me ya sa kika tuɓe takalmi kafin ki shigo wurina?"

"Don kai babba ne."

"To mu a baki muke tuɓe namu takalmin. Ta baki alheri yake fita, ta nan sharri yake fita. Namiji in ya girma sai ya sa masa ƙofa. In ina tare da sa'o'ina a daji, nakan sassauta. In na ga surukina ko wanda ya girme ni, sai in ja shi har kan hanci. Ki lura in kakarki ta zo wucewa."

Aka yi sa'a ba a jima ba Iya ta dawo daga barka, ta yi sallama ta ratsa zaure. Hannun tsohon ya tafi da kansa ya ja amawali sama, har ido ya kusa ɓacewa. Yarinyar ta zaro ido, ta rufe bakinta da hannu don kada dariya ta fito.

Da Iya ta shige, ya ce, "Na biya ki. Ni ma ina da tawa. Ku mutanen gari kuna cikin katanga huɗu, sama kaɗan kuke gani. Yaya kuke sanin ruwa zai zo?"

Ta yi tunani ta ce, "Ban sani ba. Bari in tambayo."

Ta fito da gudu ta yi karo da ni a bayan ƙofa. Ba ta ce mini me nake yi a nan ba. Ta wuce wurin kakarta, ta dawo ta sake durƙusawa.

"Kaka ta ce gwiwarta ke gaya mata. In ta fara ciwo, a kwashe shanya."

Tsohon ya yi dariya, irin ta ciki, kafaɗunsa suna rawa, har amawalin ya zame ya sauko ƙasan haɓa. Yarinyar ta yi maza ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma, ba ta ɗago ba sai da ya gyara. Ni da ke leƙe ta tsaga ban kawar da ido ba. Ɗan farin gemu ne da shi, da wushirya, fuskar mutum mai son wasa, ba yadda na zata ba ko kaɗan.

Ƙaurin tuwo ne ya dawo da ni madafi. Rannan da ƙanzo aka ci shi, Iya tana tambayar ina hankalina ya tafi. Tsohon ya ɗaura hatsinsa bayan la'asar, yarinyar ta riƙe masa akala har ya hau, ta raka shi da "a gaida gida" har kwanar hanya.